Uriya Bahitte, Sojan da Ya Kai Wasiƙar Mutuwarsa

Karatu: 2 Sama'ila 11:1 zuwa 12:15

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara Nijeriya takan tuna da sojojinta da suka rasu a bakin daga. A dā ranar 11 ga Nuwamba ake yi, sai aka maido da ita ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970. Akan ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, ikilisiyoyi kuma su yi sujada ta musamman. A cikin taron kuwa akwai gwauraye da marayu masu tambaya ɗaya a zuci: yaya aka yi ya mutu? Littafi Mai Tsarki ya amsa wannan tambaya game da wani soja ɗaya, bai ɓoye kome ba.

Uriya Bahitte ne, wato asalinsa ba Ba'isra'ile ba ne, amma ma'anar sunansa a Ibraniyanci ita ce "Ubangiji ne haskena". Yana cikin zaɓaɓɓun jarumawan sarki Dawuda, kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu. Gidansa na kusa da fāda, har ana iya hango farfajiyarsa daga bisa soron sarki. Matarsa ita ce Bat-sheba 'yar Eliyam.

Da bazara ta yi, lokacin da sarakuna suke fita yaƙi, Yowab ya ja runduna ya kewaye Rabba, babban birnin Ammonawa, inda Amman ta ƙasar Jodan take a yau. Dawuda ya zauna a Urushalima. Abin da ya faru tsakaninsa da Bat-sheba sananne ne, kuma yawancin wa'azi a nan yakan tsaya, a bi Dawuda zuwa tubansa, a bar Uriya a baya kamar ba shi aka zalunta ba.

Da Bat-sheba ta aika cewa tana da ciki, sai sarki ya sa aka kirawo Uriya daga fagen fama. Ya tambaye shi lafiyar Yowab da ta sojoji, sa'an nan ya sallame shi ya tafi gida, aka bi shi da kyauta. Uriya bai je ba. Ya kwana a ƙofar fāda tare da barorin sarki. Da aka tambaye shi dalili, ya ce akwatin alkawari da jama'ar Isra'ila da ta Yahuza suna cikin bukkoki, Yowab da sojoji suna kwana a fili, to, ta yaya zai shiga gida ya ci, ya sha, ya kwana da iyalinsa? Wannan ba taurin kai ba ne. Mayaƙan Isra'ila sukan keɓe kansu daga mata in suna bakin yaƙi, Dawuda da kansa ya taɓa faɗa wa firist Ahimelek haka a Nob (1 Sama'ila 21). Baƙo ne yake kiyaye ƙa'idar da sarkin Isra'ila ya taka. Dawuda ya ƙara riƙe shi, ya ba shi ruwan inabi har ya bugu. Duk da haka a ƙofar fāda ya sāke kwana.

Da safe sarki ya rubuta wa Yowab wasiƙa: a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya ne aka ba wasiƙar ya kai. Mai karatu yă tsaya a nan. Dawuda ya san mutumin ba zai buɗe ta a hanya ba. Amincin Uriya shi ne abin da sarki ya dogara a kai domin ya kashe shi.

Yowab bai bi umarnin daidai yadda aka rubuta ba, mai yiwuwa domin janyewa a fili za ta tona asiri. Ya tura Uriya da waɗansu kusa da garu, wurin da ya san jarumawan birnin suke. Mutanen Rabba suka fito, maharba suka yi ta harbi daga bisa garu. Uriya ya mutu, waɗansu sojoji kuma suka mutu tare da shi. Ba a faɗi sunayensu ba, ba a faɗi yawansu ba. Su ma suna da mata da 'ya'ya a gida, an kuwa kai musu labari cewa a yaƙi mazajensu suka faɗi, wanda rabin gaskiya ne kawai. Da manzo ya isa fāda, Dawuda ya aika wa Yowab kada ya damu, ai haka takobi yake, ba ya zaɓe. Irin wannan magana ba ta ƙare da zamanin Dawuda ba.

Annabi Natan ne ya ƙi a rufe zancen. Bayan misalin matalauci da 'yar tunkiyarsa ɗaya, ya faɗa wa sarki a fuska cewa shi ne ya kashe Uriya, takobin Ammonawa aro kawai ya yi. Dawuda ya tuba, Allah ya gafarta masa, amma an faɗa masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, haka kuwa ya zama a kan Amnon da Absalom da Adonija.

A nan iyalai da shugabannin ikilisiya suke da aiki. Tunawa da soja ba ta cika da furanni da yabo kaɗai ba. Gwauruwa tana da haƙƙi ta san inda mijinta ya faɗi da inda aka binne shi, tana da haƙƙi a biya ta abin da doka ta tanada ba tare da ta tsufa a ƙofar ofis ba. Dattawa suna iya raka ta, su taya ta rubuta takarda. Majami'a tana iya ajiye littafi mai sunayen 'ya'yanta da suka mutu a Barma, ko a yaƙin basasa, ko a Laberiya da Saliyo, ko a arewa maso gabas, a riƙa karantawa kowace Janairu, kurtu da hafsa a jeri ɗaya.

Sunan Uriya bai ɓace ba. A 2 Sama'ila 23 an jera jarumawan Dawuda talatin da bakwai, da sunansa aka rufe jerin. A 1 Sarakuna 15:5, inda ake yabon biyayyar Dawuda duk tsawon ransa, marubucin ya keɓe abu ɗaya, batun Uriya. Littafin 1 Tarihi 20 ya ba da labarin cin Rabba bai ambaci kisan ba, amma sura 11 ta riƙe sunansa cikin jarumawa. Bayan shekara kusan 1000, da Matiyu ya rubuta asalin Yesu Almasihu ya kai kan mahaifiyar Sulemanu, bai kira ta Bat-sheba ba. Da sunan Uriya ya ambace ta.