Tubabbe Da Neman Aiki: Amsa Ga Wani Mai Koyon Aikin Injiniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata takarda da wani saurayi ya aiko wa wannan fili, ya kuwa roƙi a sakaya sunansa. Ya ce yana da ƙaramar difloma a fannin injiniyan gine-gine, watau aikin hanyoyi da gadoji da madatsun ruwa da manyan benaye. Ya sami aiki wurin wani ɗan kwangila, aka ba shi riƙon sito, son zuciya ya rinjaye shi ya sayar da buhunan siminti, asiri ya tonu, alƙali ya ɗaure shi shekara biyu. Yanzu ya fito, ya ce ya tuba, amma duk inda ya kai takardunsa, da zarar an ji labarinsa sai a ce ya tafi za a neme shi. Tambayarsa biyu ce: ko ya halatta ya ɓoye abin da ya faru, kuma ko mai irin wannan tabo yana da sauran hanyar ci gaba a wannan sana'a.

Kafin mu amsa, lalle ne mu yi wa masu ɗaukar ma'aikata adalci, domin tsoronsu ba na banza ba ne. Aikin gini amana ce wadda ido ba ya gani. A kwaɓin kankare na yau da kullum akan sa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sa'an nan a ɗebi samfuri a matse shi da inji bayan kwana 28 don a san ƙarfinsa. Wanda ya rage siminti, ko ya sa siririn rodi inda zane ya ce a sa mai kauri, da zarar an yi filasta an shafa fenti, ha'incinsa ya ɓuya, sai ranar da ginin ya rufta. Mutane ba su manta da benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a shekarar 2021 ba, inda mutum fiye da 40 suka rasu. Saboda haka duk wanda ya yi bincike kafin ya ɗanka wa mutum sito ko awon kankare bai yi laifi ba. Laifin shi ne a rufe wa tubabbe ƙofa gaba ɗaya har abada.

Mu duba ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratul Ƙasas, daga aya ta 15 zuwa ta 28. Ba muna kwatanta Annabin Allah da masu laifi ba ne, Allah Ya tsare mu, domin abin da ya auku gare shi kuskure ne ba da nufi ba, kuma tun kafin a aiko shi. Amma Allah Ya ba mu labarin don mu ɗauki darasi. Mutum ya mutu a hannunsa a Masar, nan take ya nemi gafara, Allah Ya gafarta masa, ya fita garin ana nemansa, ya isa Madyana ba shi da kowa, ba shi da komai. A can ya tarar da mata biyu sun kasa shayar da dabbobinsu saboda cunkoso, ya shayar musu bai nemi lada ba. Da mahaifinsu ya kira shi, sai ya kwashe labarinsa duka ya gaya masa. Dattijon bai kore shi ba, ya kwantar masa da hankali. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta ba da shawara a ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da abu biyu, ƙarfi da amana. Aka ƙulla yarjejeniya ta shekara takwas, in ya cika goma wannan daga gare shi ne.

To, jama'a, ga abu uku a nan: an ga aikinsa kafin a ji bakinsa, ya faɗi gaskiya kafin a ɗauke shi, kuma an yanka wa'adi sananne. A kan waɗannan za mu ɗora amsarmu.

Game da tambaya ta farko, Musulunci bai ce mutum ya riƙa shelar zunubinsa ba. Abin da Allah Ya rufa, kada bawa ya tona. Ba sai ka gaya wa kowane lebura da kowane birkila cewa ka taɓa zaman kurkuku ba. Amma idan takardar neman aiki ta tambaya, ko mai aikin ya tambaye ka baki da baki, to, ƙarya haramun ce. Haka kuma idan za a ba ka amana irin wadda ka taɓa ci, wajibi ne ka sanar ko ba a tambaye ka ba, domin yin shiru a nan algus ne, Manzon Allah kuwa ya barranta daga mai algus, kamar yadda ya zo a hadisin mai sayar da abincin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Ban da haka ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka ɗauka bisa ƙarya, ranar da aka gane, sai tabonsa ya zama biyu.

Har wa yau, ka sani tuba tana da sharuɗɗa: barin laifin, da nadama, da ƙudurta cewa ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Ɗaurin da ka sha hukuncin hukuma ne, bai sauke maka kuɗin simintin ba in ba ka biya ba. Ka je wurin mai shi, ka biya ko da kaɗan-kaɗan, ko ka nemi ya yafe. Ka roƙe shi ya rubuta maka shaidar haka. Takardar mutumin da ka cuta, yana cewa ka biya shi, ta fi takardar yabo goma nauyi.

Game da tambaya ta biyu, akwai wata ƙa'ida a mazhabar Malikiyya wadda ɗaliban Risala suka sani: wanda aka yi wa haddi, in ya tuba ana karɓar shaidarsa, sai dai a cikin irin abin da aka yi masa haddin a kansa. Watau Shari'a ta mayar masa da mutuncinsa, amma ta nisanta shi daga ramin da ya faɗa. Wannan hikima ce da za a yi aiki da ita a wurin gini. Kada ka nemi riƙon sito ko sayen kaya ko biyan leburori a yanzu. Ka nemi aikin da ake ganin sakamakonsa a fili: taimakon safiyo wajen awon ƙasa, zanen gini a kwamfuta, gwajin ƙasa da kankare, ɗaurin rodi, ko lura da aikin kwalbati da magudanar ruwa. Ka fara da ƙananan 'yan kwangila waɗanda suka san iyayenka, ko aikin gayya na masallacin unguwa da makarantar Islamiyya, yadda jama'a za su ga hannunka. Ka ajiye littafi kana rubuta kowane aiki, da ranarsa, da sa hannun injiniyan da ya duba shi.

Matakan hawa kuwa sanannu ne. Majalisar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, wadda aka sani da COREN, an kafa ta a 1970, kuma tana yi wa aji huɗu rajista: cikakken injiniya mai digiri, da mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da mai sana'ar hannu. Ka ga ashe ko a yanzu akwai matakin da ya dace da takardarka. Daga nan sai babbar difloma ta shekara biyu, ko ka nemi shiga jami'a irin su Ahmadu Bello a Zariya ko Bayero a Kano, inda digirin injiniya yake ɗaukar shekara biyar ga wanda ya faro daga tushe. Bayan digiri akan nemi shekara huɗu na aiki kafin cikakkiyar rajista. Masu sana'ar hannu kuma suna da jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai daraja uku. Su ma waɗanda ke tsare har yanzu ba a bar su a baya ba, domin dokar 2019 ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, kuma Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a wasu daga cikinsu.

Amma fa ba za mu ɓoye maka ba, akwai ƙofofin da doka ta ƙuntata. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta hana ba da kwangila ga kamfanin da ke da darakta wanda kotu ta taɓa samu da laifin zamba ko almundahanar kuɗi. Aikin gwamnati shi ma yakan bukaci izini na musamman ga wanda aka taɓa ɗaurewa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 175 da na 212, ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon yin afuwa, saboda haka ka nemi shawarar lauya a kan yadda waɗannan dokoki suka shafe ka. Kafin nan ka yi haƙuri da ƙaramin matsayi.

Ku kuma 'yan kwangila da manyan injiniyoyi, ku tuna da mutumin da aka yi wa bulala saboda shan giya a zamanin Manzon Allah, wani ya yi masa mugun baki, Annabi ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. Wanda ya fito kurkuku ya rasa abin yi, ina ake so ya nufa in ba wurin abokan da suka kai shi ba? Ba a ce ku miƙa masa makullin sito ran farko ba. Ku nemi mai tsaya masa, ku yanka masa watannin gwaji, ku sa shi inda ido yake, ku biya shi haƙƙinsa cikakke, kada ku mai da tabonsa dalilin rage masa lada. In ya cika alkawari ku ƙara masa amana, kuma ku hana foman da sauran ma'aikata yi masa gori. Ku sani kuma ba duk wanda ya shiga kurkuku ne mai laifi ba. Annabi Yusufu ya yi shekaru a ciki bisa zalunci, daga baya aka ɗanka masa taskokin Masar, kuma a ƙasar nan fiye da rabin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi.

Allah Ya karɓi tubarmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mai tambaya sana'a mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.