Haƙƙin Ɗan Sandan da Ajali Ya Riska a Bakin Aiki

Duk wanda ya bi hanyar Maiduguri ya gifta ta gaban makarantar horon hafsoshin 'yan sanda da ke nan Wudil, wadda ta tare a mazauninta na dindindin a 1996 ta kuma sami darajar jami'a a 2012, abin da zai burge shi bai wuce tsabtar kaki da daidaituwar takun fareti ba; amma ni, da na shafe shekaru ina riƙon fayil ɗin abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya kafin in yi ritaya, idan na hangi yaran nan, abin da ke faɗo mini a rai shi ne 'yar takardar da kowannensu zai rubuta sunan magajinsa a kai.

Garin nan ya ɗanɗani fitinar ta'addanci tun da fari, domin a watan Yuli na 2009 an far wa caji ofis ɗinmu. Bayan shekara biyu da rabi, ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, bayan la'asar, aka kai farmaki hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ta Bompai da wasu ofisoshi a birnin Kano, aka rasa rayuka 185, cikinsu har da 'yan sanda 29. Jaridu sun buga adadin sun wuce, alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin mutanen nan, Musulminsu da Kiristansu, yana da suna, da uwa, da bashin mai shago, da yaron da aka yi wa alkawarin takalmin makaranta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki, wallahi, yakan zo ne bayan an watse daga zaman makoki. Mace ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ta zo da goyo da takardar shaidar mutuwa, in buɗe fayil in tarar mamacin bai taɓa sabunta sunan magaji ba tun yana kurtu, sunan mahaifinsa ne a kai, shi ma ya daɗe a ƙasa. Daga nan sai rantsuwa a kotu, da neman takardar izinin gado, da jayayyar dangi, har kuɗin mota ya cinye ɗan abin da aka tara mata na ta'aziyya, ga kuma ɗakin bariki da ba nata ba ne har abada. Na ga wadda ta haƙura ta bar wa Allah, kuma har yau ina jin nauyinta.

Don haka, ya ku ƙannena da ke cikin kaki, daga kofur har sufeto, kada camfi ya hana ku gyara wannan takarda duk lokacin da kuka yi aure ko aka yi muku haihuwa, domin rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, malamanmu ma sun ƙarfafa yinta. Ku sanar da iyali lambarku ta aiki, da inda takardun fansho suke.

Jama'ar gari kuma, na san akwai masu ƙorafi a kan ɗan sanda, wani ƙorafin ma gaskiya ne. Sai dai wanda ya tsaya a bakin ƙofa aka harbe shi domin wasu su kwana lafiya ya sauke amanarsa, marayunsa kuwa ba su zalunci kowa ba. Soja na da ranar tunawa da mamatansu, 15 ga Janairu, yanzu kuma an keɓe 7 ga Afrilu ta zama ranar 'yan sanda. Idan ta zagayo, ina roƙon limamanmu da masu unguwanni su nemi sunayen waɗanda suka faɗi daga ƙasar Wudil, a ambace su ɗaya bayan ɗaya a yi musu addu'a, sannan a tashi wani ya je ya dubo ko 'ya'yansu suna makaranta.