Abin da Ke Sa VPN Ta Cika Alhali Akwai Sauran Adireshi

Matasa da dama sun fara sanin VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022. Yanzu wasunsu na kafa sabar kansu da OpenVPN, manhajar kyauta da James Yonan ya fitar a 2001. To amma akwai wata iyaka da ke jiran mai kafa ta.

Duk wayar da ta kunna VPN takan ƙirƙiri wata ƙofar sadarwa wadda ba ta ƙarfe ba, ta manhaja ce zalla. Sabar ce ke ba ƙofar adireshin IP da kuma sabnet mask, wato lambar da ke shata iyakar unguwar da adireshin yake ciki. Mask mai lamba 255.255.255.0 na nufin unguwa mai adireshi 256, shi kuwa 255.255.255.252 guda huɗu kacal.

A tsohon tsarin OpenVPN mai suna net30, wanda aka yi shi domin dacewa da direban TAP na Windows, kowace na'ura sai an yanka mata unguwa mai adireshi huɗu: ɗaya sunan unguwar, ɗaya ɓangaren saba, ɗaya na na'urar, ɗaya na shela. Ko wayar Android ce, rabonta ke nan.

A ɗauka wata cibiyar koyon kwamfuta a Rano na da ɗalibai 70, wasunsu na shiga daga Kibiya. Idan an ba sabar 10.8.0.0 da mask 255.255.255.0, na'ura 62 kawai za ta ɗauka lokaci guda. Ɗalibi na 63 zai yi ta zargin netwok, data na ƙonewa, alhali gurbi ne ya ƙare.

Gane matsalar ba wuya. A duba adireshin da manhajar ta nuna a wayoyi uku. Idan ana tsallen huɗu-huɗu, kamar 10.8.0.6, 10.8.0.10 da 10.8.0.14, net30 ke aiki.

Maganin shi ne a rubuta topology subnet a fayil ɗin saitin saba, sannan a sake kunna ta. Daga nan kowace na'ura adireshi ɗaya za ta ci, unguwar kuma ta ɗauki sama da 250. Wanda ya riga ya keɓe wa wasu na'urori adireshi na dindindin, sai ya gyara nasu saitin kafin ya sake kunnawa, don kada su kasa shiga.