SAURON RANA DA ZAZZAƁIN DENGI

Ya ku iyaye mata na Sunke da kewaye, ku saurara!

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Akwai wani ana ce da shi dengi, wanda da ba mu saba jin sunansa ba. A 2023 ya kwantar da dubban mutane a Burkina Faso, ƙarshen shekarar kuma aka tabbatar da shi a Jihar Sakkwato: Sakkwato ta Kudu, Wamakko da Dange Shuni. Daga can zuwa Gummi, Bukkuyum ko Anka, mota ba ta yini. Baƙo ya zo da cutar cikin jininsa, sauro ya cije shi, bayan 'yan kwanaki ya ciji ɗanki. Shi ke nan, ta shigo gari.

Sauron nan baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, galibi da safe da la'asar. Don haka ko barcin rana jariri zai yi, a saka shi cikin gidan sauro.

Ba sai kwata yake nema ba. Randarki yake so, da tulu, da jarka, da kaskon kaji, da tsohuwar taya. Ƙwansa na mannewa a bangon randa, ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Zubar da ruwa kawai bai isa ba, sai an goge cikin da soso. Daga ƙwai zuwa sauro kwana 7 ne zuwa 10, saboda haka a wanke duk mako, a rufe da marfi.

In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, kawo shi a gwada jini. Ba shi ruwa da nono sosai, da farasitamol kaɗai. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna jawo zubar jini.

Ku lura ƙwarai: haɗarin yakan zo ne sa'ad da jiki ya fara sanyi. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, haɓo, jini a dasashi, ko yaro ya yi laƙwas? Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Irin wannan sauron ne ke yaɗa shawara, wadda ta ɓulla a Zamfara a 2017. Ita tana da allurar rigakafi kyauta, sau ɗaya, in yaro ya cika wata 9. Zo da katinsa mu duba.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, Gusau