Darasin Wata: Kafin Katafila Ta Iso

A wannan wata za mu duba abin da ake yi idan aka kawo shawarar sabon aiki, kamar titi ko kasuwa ko shaguna, alhali aikin zai taɓa tsohon gini mai tarihi. Bari mu fara da abin da ya faru a Kano.

Ganuwar Kano, wadda Kanawa ke kira badala, Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gado a 1463. A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar, domin a faɗaɗa titi. Aka gina wata da siminti a madadinta. An yi ta ƙorafi a jaridu, amma ihu ne bayan hari. Lokacin da magana take da amfani shi ne lokacin da aikin yake kan takarda.

Doka ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Duk ginin da aka ayyana shi kayan tarihin ƙasa, ba a rushe shi ko a canza masa kama sai da izinin wannan hukuma. Doka mai lamba 88 ta 1992 kuma ta ce kafin a fara gini sai an kai taswira ga hukumar tsara gari ta duba ta amince. A Kano, hukumar KNUPDA ke wannan aiki.

To, me masu duba taswira ke nema?

Da farko sai sun taka sun je wurin. A takarda titi layi ne kawai miƙaƙƙe. Takarda ba za ta nuna maka cewa zauren nan a cikinsa ake naɗa dagatai tun kaka da kakanni ba. Wannan sai an tambayi dattawa, da liman, da tsofaffin magina.

Daga nan sai a duba ɓarnar da aikin zai yi. A nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane na zaton in dai katafila ba ta daki gini ba, to ya tsira. Ba haka ba ne. Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Idan aka ɗaga titi ya fi gindin bango tudu, kuma ba a yi magudanar ruwa ba, duk ruwan damina can zai taru. Bango ya riƙa shan laima daga ƙasa, bayan 'yan shekaru ya zube, a ce ai tsufa ne. Haka kuma idan aka cike kududdufi domin a yanka filaye. Kududdufin nan daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwar, kuma shi ke haɗiye ruwanta. In aka cike shi, ina ruwan zai dosa? Akwai kuma girgizar manyan motoci, wadda ke tsaga soro. Har gyara ma yakan zama ɓarna: yaɓen siminti a kan tubalin ƙasa yana tsare laima a ciki, ginin ya ruɓe, waje kuwa fes.

Sai a tambayi mai aikin: babu wata hanya? Titi zai iya karkacewa ya bi ta gefen ƙofa, a bar tsohuwar ga masu tafiya a ƙasa da masu keke. Shaguna za su iya ja da baya. Sau da yawa taku ashirin ne tsakanin rushewa da tsira, amma injiniya ba zai sake zane ba sai an nema.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa aikin masu dubawa shi ne su ce a'a ga komai. Rai ya fi gini. Babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasu. Saboda haka dole ne a duba lafiyar azara da ta bango, a ga ko ginin zai gyaru.

A ƙarshe hukuma takan amince, ko ta ƙi, ko ta amince bisa sharaɗi, kamar a ce sai an gina kwalbati tukuna. In rushewar ta zama dole, ya kamata a ɗauki hotuna, a auna ginin, a adana ƙyamare da azara.

Wani lokaci unguwa ce sukutum ake karewa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas na Nijar cikin wuraren tarihi na duniya, da gidajensa, da lungunansa, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. A irin wannan wuri, ko bene mutum zai ɗora a gidansa sai an duba ko ya dace da na maƙwabta.

Mu a karkara, yawancin abubuwanmu ba sa cikin rajistar kowa. Tsohuwar rijiya, marina, zauren dagaci, ragowar ganuwa, babu ofishin da ya san da su. Don haka ranar da kuka ga ma'auna suna kafa turaku ko suna shafa jan fenti a bango, ku tambaye su wane aiki ne, kuma ta ina zai bi. Ku zauna da mai unguwa ku rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma ta hannun hakimi. Ku faɗi sunan ginin, da shekarunsa gwargwadon sanin dattawa, da hanyar da kuke ganin aikin zai bi ba tare da ya taɓa shi ba. Ku sa kwanan wata, ku ajiye kofi ɗaya a wurinku.