Yadda A Ke Tsufar Da Hoto A Kwamfuta

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, aka ba ni aji biyar na wata firamare in koya musu labarin zuwan jirgin ƙasa Ibadan daga Ikko cikin shekarar 1901. Na nemi hoton wannan rana, ban samu ba. Sai na ce bari in haɗa nawa. Na ɗauki abokaina uku da wayata suna sanye da manyan riguna, na samo hoton wani tsohon kan jirgi mai cin kwal, da na wata rumfar kwano, na harhaɗa su a kwamfuta. Da na duba sai dariya ta kama ni. Mutanen suna walƙiya kamar sabon kwabo, jirgin kuwa dishi-dishi, kowa ya gani ya san ɗori ne. Abin da na koya wajen gyaransa shi zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai a nan.

Haɗa hotuna ba yau aka fara ba. Tun cikin 1857 wani mai hoto a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa gilasan hoto fiye da 30 ya fid da hoto guda. Yanzu kuwa aikin ya yi sauƙi, gama akwai Photoshop wanda ya fito a 1990, da GIMP wanda ya fito a 1996, shi kuwa kyauta ne. Dukansu biyu suna aiki da falle-falle, watau ko wane hoto yana kan fallensa, wani bisa wani, kamar takardu masu shara-shara. Filta kuwa ita ce rariyar da a ke bi da hoto ta ciki don a sāke kamanninsa.

Abu na fari, a duba haske. In rana ta bugi mutanenka ta dama, ta bugi jirgi ta hagun, ba filtar da za ta cece ka. Juya ɗaya daga ciki, sa'an nan ka zana inuwa ƙarƙashin ƙafafunsu, in ba haka ba sai ka ga suna lilo a iska.

Na biyu, launi. Cire launi duka tukuna. Amma a lura, yawancin gilasan hoto na zamanin nan ba su ganin ja sosai, shuɗi kuwa ya kan yi musu yawa. Saboda haka jar hula ta kan fito baƙa, sararin sama kuma fari fat. Sai ka duhunta ja, ka haskaka shuɗi. Bayan wannan ka zuba ruwan ƙasa-ƙasa da a ke kira sefiya. Mutanen dā ba don ado kaɗai su ke yinsa ba. Magani ne da ke juya azurfar da ke jikin hoto ta zama mai jure zamani.

Na uku, ɓarɓashi. Tsohon hoto yana da 'yan ɗige-ɗige kamar yashi, domin da ƙwayoyin azurfa aka yi shi. Nan ne asirin aikin ya ke. Kada ka sa wa ko wane hoto nasa dabam. Buɗe falle guda bisa dukansu, ka watsa ɓarɓashin a kai, don mutum da jirgi da rumfa su zama kamar ido ɗaya ya gan su rana ɗaya.

Na huɗu, kaushin takarda. Ni dai bangon wani tsohon littafin lissafi na ɗauka hoto kusa da taga, na ɗora a bisa. Akwai hanyoyin gauraya falle iri iri, amma biyu sun ishe mu. Gaurayar duhu ta kan ɓad da fari ta bar baƙi, ita ta dace da tabo da datti. Gaurayar haske ta kan ɓad da baƙi ta bar fari, ita ta dace da ƙarzuwa da ƙura. Rage ƙarfin fallen, ni ban cika wuce kashi 30 cikin 100 ba.

Na biyar, lalacewa. Hoto ba ya tsufa ko'ina daidai. Baki-baki ne ke cinyewa, wurin ninki ne ke karyewa, damshi kuma ya kan bar ɗigo masu kama da tsatsa. Wanda ke son ya ga na gaske ya nemi hotunan Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya rasu a 1905, ya zuba musu ido. Kada kuma a cika. Tsufa a hoto gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci.

To, hotona ya yi kyau, ashe kyaun nan shi zai ja mini kunya. Da na nuna a aji, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mai farar hular nan shi ne direban?" Alhali kuwa abokin ɗakina ne, wanda ko keke bai iya ba. Kashegari hedimasta ya kira ni, ya ce in ba shi wannan hoto mai tarihi a rataya a ofis. Nauyi ya kama ni. Na faɗa masa gaskiya, na koma aji na nuna wa yara hotunan nan uku dabam dabam, da yadda na ɗinke su. Sun fi jin daɗin wannan darasi bisa na jirgin, har suka shiga tambayata yadda za a gane hoton ɗori.

Yaro ya kan gaskata abin da malaminsa ya nuna masa fiye da abin da ya faɗa. In mun ba shi hoton ƙarya da sunan tarihi, zai riƙe shi har girmansa, ya kuma koya wa waɗansu. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai gwada wannan aiki, kafin ya shiga aji ya rubuta a ƙarƙashin hoton da manyan baƙaƙe cewa an haɗa shi ne a kwamfuta don koyarwa, ya sa shekarar da ya yi shi. Ni yanzu da wannan rubutu na ke fara aiki, kafin ma in taɓa filta.