Haske da 'Yan'uwansa da Ido Ba Ya Gani

Duk mai sauraron rediyo ya saba jin an ce tasha kaza tana kan mita 49 a gajeren zango, amma kaɗan ne suka san abin da ake aunawa. In aka jefa tsakuwa cikin tafki, ruwa yakan yi taguwa, tudu da kwari, suna bazuwa ko'ina. Saƙon rediyo ma haka yake tafiya, sai dai shi taguwarsa ta ƙarfin lantarki ce haɗe da na maganaɗisu, ba ta kuwa bukatar ruwa ko iska. Mita 49 ɗin nan ita ce tazarar da ke tsakanin tudu da tudu.

A shekarar 1865 James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya nuna ta hanyar lissafi cewa irin wannan taguwa tana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, watau daidai da gudun haske. Daga nan ya gane haske ma ɗaya ne daga cikinsu. Bai rayu ya ga tabbacin maganarsa ba, sai a 1887 Heinrich Hertz ya tayar da taguwar rediyo a ɗakin gwajinsa a Jamus.

Bambancinsu duka a tazara yake. Ta haske ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Cikin launukan bakan gizo ja ya fi doguwar tazara, shunayya ta fi gajera. Abin da ya ɗara ja tsawo shi ne ɗumin da akan ji a gefen murhu. Abin da ya gaza shunayya kuwa, a nan haɗari yake, domin gwargwadon gajartar tazara, gwargwadon ƙarfin bugunsa a jiki. Shi ke sa mai walda da bai sa gilashin kariya ba ya kwana idonsa na raɗaɗi kamar an zuba yashi. Hasken hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a 1895, ya fi wannan gajarta, har yana ratsa tsoka. Saboda haka lalle mace mai ciki ta sanar da ma'aikatan asibiti kafin a ɗauke ta.

Haka kuma in rana ta yi husufi, kamar na ran 29 ga Maris 2006, kada a dube ta da ido, ko ta baƙin tabarau, ko cikin ruwan ƙwarya. Malami ya huda kwali da allura, yara su ba rana baya, su kalli siffarta a kan farar takarda.